Kimiyyar Harbi: Abin Da Ya Raba Bindigar Toka Da Raiful

A ƙauyukan Barkiya da sauran garuruwan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, farauta tsohuwar sana'a ce, kuma makamin maharbi shi ne bindigar toka, wadda ake wa kirari da harba-ka-ruga. Kowane maharbi ya san cewa sai ya yi sanɗa ya kusanci gada ko barewa kafin ya ɗana kunama. Amma gwanayen gasar harbi a Turai, da masu farautar barewar dajin Amurka, kan sami abin da suka auna daga nisan ɗaruruwan mitoci. Me ya kawo wannan bambanci?

Amsar tana cikin bututun bindigar. Cikin bututun bindigar toka sumul yake, don haka dalmar kan fito tana tangal-tangal, iska ta karkatar da ita. Ita kuwa raiful, an sassaƙa wa cikin bututunta wasu 'yan kwaroro masu murɗewa, waɗanda ke sa harsashi ya fito yana juyawa. Duk yaron da ya taɓa murza katantanwa ya ga wannan hikima: muddin tana juyi, tana tsaye cak, da juyin ya ƙare sai ta kife. Wani masanin lissafi na Ingila, Benjamin Robins, wanda ya wallafa littafinsa kan ilmin harbi a 1742, shi ne ya bayyana wannan sirri.

Sai dai juyi ba ya hana harsashi faɗuwa. Tun 1638 Galileo ya nuna cewa duk abin da aka jefa, lanƙwasa yake yi zuwa ƙasa. A ɗauki harsashi mai gudun mita 800 a daƙiƙa guda. Idan aka ajiye tirjiyar iska a gefe, kafin ya ci mita 100 ya sauka da kimanin santimita 8. Kafin ya ci mita 300 kuwa, ya sauka da kusan santimita 70. Wato nisa ya ninka sau uku, faɗuwa ta ninka sau tara. Ɗalibai na iya gwada wannan lissafi a aji.

Wannan ne ya sa zaɓen bindiga ya dogara ga aikinta. Mai gasa yana son bindiga mai nauyi da dogon baki, domin nauyi kan rage naushin da ƙota ke yi wa kafaɗa. Mafarauci kuwa, da zai wuni yana tafiya, mara nauyi ta fi masa, amma ba ta kai waccan natsuwa ba. Harbi daga nesan da ya fi ƙarfin makami yakan raunata dabba kawai, ta je ta mutu cikin wahala, maharbi ya koma hannu rabbana.

Ingancin makami kuma yana da nasa hatsari. Mariri, wanda a da ke yawo garke-garke a Sahel, an ayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000, kuma yawan farauta na cikin dalilan. Sai a 2016 aka fara mayar da shi dajin Chadi. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba. Sanin yadda harsashi ke tafiya ilmi ne. Sanin lokacin da ya kamata a sauke bindiga shi ne zai bar wa jikoki abin gani a daji.