Barin Taba Sigari: Kada A Bar Ɗan'uwa Shi Kaɗai

'Yan'uwa, mukan ga mutum ya ɗauki alkawarin barin taba, bayan kwana biyu ya koma. Ba ragonci ba ne. Nikotin da ke cikin taba yakan kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa kamar 10, har jiki ya saba da shi. In an daina, sai saurin fushi, rashin barci da yawan yunwa su taso. Sun fi tsanani a kwana 3 na farko, su lafa cikin mako 2 zuwa 4. Likita yakan ba da cingam ko filasta mai nikotin, yana rage ƙarfinsa sannu a hankali. Saboda haka mu daina gori. Mu raka ɗan'uwanmu asibiti, mu kuma yi haƙuri da shi.