Wayar Da Aka Aika Gida, A Hannun Wa Take Kwana?

Galibin magidantan Bauchi masu neman abinci a Legas ko Sabon Ibadan sukan aika wa iyali wayar salula don a riƙa gaisawa. To, amma a unguwa irin Ɗan Iya, cikin birnin Bauchi, sau da yawa wayar uwa a hannun ɗan firamare take yini.

Tun da salula ta shigo Nijeriya a 2001, tsokanar yara ta sake kama. Dā faɗa a filin makaranta yake ƙarewa da an tashi. Yanzu kuwa sai a ɗauki hoton yaro, a liƙa masa sunan banza, a watsa ta WhatsApp, abin ya bi shi har ɗaka. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, wani ma ya ƙi makaranta.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta hana yi wa mutum barazana ta waya. Facebook kuma ba ya yarda a yi rajista sai an cika shekara 13. Amma fa doka ba ta shiga ɗaki.

Saboda haka aikin na malamai ne da iyaye. A koya wa yaro abu uku: kada ya ba baƙo hotonsa ko kwatancen gidansu, kada ya rama zagi, kuma ya nuna wa babba saƙon kafin a goge. Uban da ke kudu, in ya bugo gida, ya tambayi yaron da wa yake hira. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.