BABI NA UKU: BUNƘASAR FITAR DA AMFANIN TEKU DA TALLAFIN GWAMNATI A ƘASAR INDIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar kamun kifi da kiwonsa, da kuma matsayinsu a tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. A wannan babi kuwa za a ɗauki ƙasar Indiya a matsayin misali, domin a ga yadda fitar da amfanin teku zuwa ƙasashen waje ya bunƙasa, da irin rawar da gwamnati ta taka a ciki. Abin da ake nufi da amfanin teku a nan shi ne kifi da jatan lande da ƙaguwa da sauran halittun ruwa da ake ci, ko kamo su aka yi ko kiwata su aka yi. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa tallafin da ya fi yin tasiri shi ne wanda ya shafi iri da lafiyar kaya da ingancinsu, kuma bunƙasar ta dogara ne a kan nau'in kaya ɗaya da kasuwanni kaɗan, abin da ya bar masu sana'ar cikin hatsari. Ya kamata a lura cewa shekarar kuɗi ta Indiya tana farawa ne daga Afrilu ta ƙare a Maris, shi ya sa za a riƙa ganin shekaru biyu a haɗe.

3.1 Mafarin Sana'ar Fitarwa

Kafin Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, yawancin masuntanta da kwalekwale suke fita, kuma abin da ake kai wa ƙasashen maƙwabta bai wuce busasshen kifi da busasshen jatan lande ba. A 1952 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Indiya da Norwe da Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta kawo jirage masu inji da masana'antar ƙanƙara kusa da garin Kollam, a yankin da ya zama Jihar Kerala a 1956. Ko da yake manufar shirin ita ce kyautata rayuwar ƙananan masunta, abin da ya biyo baya ya ɗauki wata hanya dabam. Amurka da Japan sun nuna suna bukatar daskararren jatan lande da tsada, saboda haka masu jari suka shiga sayen jirage masu jan koma a ƙasan teku, birnin Kochi kuma ya zama cibiyar sarrafawa da fitarwa.

Ganin irin kuɗin musaya da ake samu, gwamnati ta kafa Hukumar Bunƙasa Fitar da Amfanin Teku a 1972, wadda ake taƙaita sunanta da MPEDA, hedikwatarta kuma tana Kochi. Aikinta ya haɗa da yi wa masu fitarwa rajista, da shimfiɗa ƙa'idojin sarrafa kaya, da nemo kasuwa a waje. Sai dai tun a wancan lokaci aka fara ganin illar abin, domin manyan jirage sun riƙa share bakin tekun da ƙananan masunta suke ci daga gare shi. Rikicin da ya tashi tsakanin ɓangarorin biyu shi ya sa Jihar Kerala ta fara hana jan koma a lokacin damina daga 1988, don a bar kifi ya hayayyafa.

3.2 Komawa ga Kiwo da Matsalolinsa

Da abin da ake kamowa ya kasa biyan bukatar kasuwa, sai hankali ya koma ga kiwon jatan lande a tafkunan da ake haƙawa a bakin teku, musamman a jihohin Andhra Pradesh da Tamil Nadu. Nau'in da aka fara da shi shi ne baƙi mai zanen damisa. Ribar farko ta ja mutane da yawa, aka mai da gonakin shinkafa tafkuna ba tare da wani tsari ba. Ba a daɗe ba matsaloli uku suka taso a jere.

Ta farko ita ce cutar farin tabo, wadda ta ɓulla wajen 1994. Cuta ce mai saurin yaɗuwa, tana iya ƙarar da tafki cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani. Ta biyu ita ce hukuncin Kotun Ƙoli na Disamban 1996, wanda ya haramta tafkunan zamani da ke cikin mita 500 daga gaɓar teku, saboda gishirin da suke sa wa gonaki da rijiyoyin jama'a. Ta uku ita ce haramcin da Tarayyar Turai ta ɗora wa amfanin tekun Indiya a 1997 bisa dalilin rashin tsabta a masana'antu. Bayan 'yan watanni aka sassauta, amma ga masana'antun da suka cika sharuɗɗa kawai.

Idan aka dubi waɗannan matsaloli da kyau, za a ga cewa babu wadda rashin jari ya haddasa, dukkansu rashin tsari ne ya jawo su. Wannan darasi shi ya sa aka tilasta wa masana'antu gyara wuraren aikinsu, aka kuma yi dokar da ta kafa Hukumar Kula da Kiwo a Bakin Teku a 2005, wadda take yi wa tafkuna da gidajen ƙyanƙyasa rajista. A 2006 kuma aka kafa Hukumar Bunƙasa Kamun Kifi ta Ƙasa a birnin Hyderabad.

3.3 Shigowar Farin Jatan Lande

Babban sauyi ya zo ne a 2009, lokacin da aka fara kiwon farin jatan lande da ake kira banami da izinin gwamnati. Asalinsa daga gaɓar tekun Fasifik ne ta Latin Amurka. Fifikonsa a kan mai zanen damisa shi ne ana iya zuba shi da yawa a tafki ɗaya, yana jure ruwa mai ƙarancin gishiri, yana isa girbi cikin wata uku zuwa huɗu, sannan ana samun iyayen irinsa waɗanda aka tabbatar ba su ɗauke da sanannun cututtuka. Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Gwamnati ba ta bar kowa ya shigo da iri yadda ya ga dama ba, sai ta buɗe wurin killacewa a birnin Chennai, inda ake bincikar iyayen iri kafin a miƙa su ga gidajen ƙyanƙyasa masu rajista. Yankunan da kogunan Godavari da Krishna suke shiga teku a Andhra Pradesh su suka zama cibiyar wannan kiwo.

Alƙaluman hukumar MPEDA sun nuna sakamakon haka:

i. 2009/2010: tan 678,436, dala biliyan 2.13
ii. 2013/2014: tan 983,756, dala biliyan 5.0
iii. 2022/2023: tan 1,735,286, dala biliyan 8.09
iv. 2023/2024: tan 1,781,602, dala biliyan 7.38

Abu biyu za a lura da su a nan. Na farko, cikin shekara huɗu da shigowar banami kuɗin da ake samu ya ninka fiye da sau biyu, alhali nauyin kayan bai ƙaru da rabi ba, wato kaya mai tsada ne ya shiga lissafin. Na biyu, a 2023/2024 nauyi ya ƙaru amma kuɗi ya ragu, saboda faɗuwar farashi a kasuwar duniya, wadda yawan jatan landen ƙasar Ikwado yana cikin dalilanta.

3.4 Hanyoyin Tallafin Gwamnati

Ban da tsarin iri da inganci, gwamnati ta zuba kuɗi ta hanyoyi da dama. A 2018/2019 an kafa asusun gina kayayyakin aikin kamun kifi na kimanin rupi biliyan 75, domin ba da rance mai sauƙin ruwa ga ayyuka kamar tashoshin jiragen masunta da ɗakunan sanyi. A wannan lokaci ne kuma aka sa masunta da masu kiwon kifi cikin tsarin katin rancen manoma. A 2019 aka kafa ma'aikatar da ke kula da kamun kifi da kiwon dabbobi da madara. A Satumban 2020 Firayim Minista Narendra Modi ya ƙaddamar da shirin da ake taƙaitawa da PMMSY, na rupi biliyan 200 da rabi na tsawon shekara biyar, wanda gwamnatin tarayya da jihohi da masu cin gajiya suke haɗa kuɗinsa. Haka kuma Jihar Andhra Pradesh ta rage wa masu tafkuna kuɗin lantarki a 2019, abu mai muhimmanci ganin cewa injinan hura iska cikin ruwa suna aiki dare da rana. Kasafin kuɗin Yulin 2024 kuma ya rage harajin shigo da iyayen iri da abincin jatan lande zuwa kashi 5 cikin ɗari.

To, amma shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ɗaya daga cikin burin shirin PMMSY shi ne kuɗin fitarwa ya kai rupi biliyan 1,000 a 2024/2025. Abin da aka samu a shekarar shi ne kimanin rupi biliyan 624, wato dala biliyan 7.45. Wannan ya nuna cewa babban tashin ya auku ne kafin zuwan manyan kuɗaɗen, kuma kuɗin gwamnati yana iya gina tasha da ɗakin sanyi, amma ba shi da iko a kan farashin da mai saye zai biya a waje.

3.5 Hatsarin Dogaro da Kaya Ɗaya

A 2023/2024 daskararren jatan lande shi ya kawo kimanin kashi 66 cikin ɗari na dalolin da aka samu, Amurka kuma ita kaɗai ta sayi fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajar kayan, ƙasar Sin tana biye da ita. Saboda haka duk matakin da Amurka ta ɗauka sai ya taɓa mai tafki a ƙauye. Tun 2005 ta ɗora wa jatan landen Indiya haraji bisa zargin karya farashi. A 2019 ta daina karɓar wanda aka kamo daga teku, saboda komar masuntan ba ta da ƙofar da kunkurun teku zai kuɓuta. A 2024 ta ƙara wani haraji na kusan kashi 6 cikin ɗari, hujjarta kuwa ita ce tallafin da gwamnatin Indiya take bayarwa. Ke nan tallafin da aka yi don taimakon mai fitarwa ya zama dalilin ƙara masa nauyi. A Agustan 2025 kuma gwamnatin Donald Trump ta kai harajin kayan Indiya kashi 50 cikin ɗari. A ɓangaren Turai ma tsugune ba ta ƙare ba, domin a 2016 Tarayyar ta ɗaga yawan kayan da take bincika daga kashi 10 zuwa kashi 50 cikin ɗari, saboda ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Wanda ya fi jin jiki a irin wannan hali shi ne ƙaramin mai tafki. Abincin jatan lande yana cin fiye da rabin kuɗin da yake kashewa, galibi kuma bashi yake karɓarsa daga dillali. Idan lokacin girbi ya yi ba shi da halin jira, domin kayan ba ya ajiyuwa, saboda haka duk farashin da kamfani ya yanka dole ya karɓa.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an bi diddigin fitar da amfanin teku a Indiya daga shirin Norwe na 1952 zuwa harajin 2025. An ga cewa killace iri da rajistar tafkuna da tsabtar masana'antu su suka buɗe wa ƙasar kasuwa, manyan shirye-shiryen kuɗi kuma daga baya suka zo. An kuma ga cewa dogaro da banami da kasuwar Amurka ya sa ƙaramin mai kiwo yake ɗaukar asarar da ba shi ya jawo ta ba. A babi na gaba za a duba yadda ribar wannan ciniki take rarrabuwa tsakanin masunci da mai tafki da dillali da kamfanin fitarwa.