Tokar Dutse da Lakar Rima: Wacce Ta Fi Riƙe Labari?

A ƙasar Kabi ba mu da dutse mai aman wuta. Mai son ganin irinsa a Najeriya sai ya nufi tsaunukan Biu a jihar Borno, inda tafkin Tila yake kwance a bakin wani tsohon dutse, ko Kerang a jihar Filato. Sun daɗe da yin shiru, har ana noma a gindinsu. Duk da haka hanyar da masana ke bi su tono tarihin irin waɗannan duwatsu ta shafe mu, domin mu ma muna da abin da ke lafawa ya taso, wato gulbin Rima.

Duk sa'ad da dutse ya yi aman wuta, yakan shimfiɗa toka da tsakuwa bisa ƙasar da ya tarar. Shekaru su shuɗe, ciyawa ta rufe wurin, wani aman ya zo ya hau kai. Masani yakan nemi inda zaizaya ta yanke tudu, ya bi hawa-hawan nan daga ƙasa zuwa sama. Kaurin toka ke nuna girman aman, gawayin itatuwan da suka ƙone kuwa shi ake gwadawa a san shekaru. Haka aka yi a dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991. Babu mai rai da ya taɓa ganin amansa, amma da ya fara hayaƙi, gawayi ya nuna rabonsa da amai kimanin shekara 500, kuma na baya duk manya ne. Aka kwashe dubun-dubatar mutane kafin ya fashe ranar 15 ga Yuni.

Rima ma yana barin shaida. Kowace babbar ambaliya tana zube yashi, laka ta biyo baya ta kwanta a kai, kuma duk mai haƙa rijiya a fadamar Argungu ko Birnin Kebbi ya ga wannan jeri da idonsa. Sai dai gulbi ba ya adana abu kamar dutse. Ambaliyar bana kan kwashe abin da ta bara ta ajiye, ruwa ya sauya hanya, manomin shinkafa ya bi sauran da garma. Tokar kowane amai tana da sinadarinta da ake gane ta da shi ko a nesa, lakar shekaru kuwa kusan duk kamarsu ɗaya. Ga kuma madatsun Bakolori da Goronyo, da aka kammala a 1978 da 1984, sun sauya yadda ruwa ke iso mana. Wajen fayyace labari, toka ce gaba.

Amma wajen amfani gare mu, laka na zaɓa. Ambaliyar 2010 da ta 2020 sun cinye gonaki da gidaje, kowa na cewa bai taɓa ganin irinsu ba. To, kakannin kakanninmu fa? Awon ruwa na hukuma bai yi nisa baya ba, tunanin dattawa ma yana da iyaka. A tsofaffin hanyoyin da gulbi ya bari, da tafkunan fadama, laka na kwance ba a taɓa ta ba, kuma yau ana iya gwada yashi a san rabonsa da hasken rana.

Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tura ɗalibai su haƙa waɗannan wurare tare da masunta da masu haƙa rijiya, a gano iyakar da Rima ya taɓa kaiwa kafin a ƙara yanka filayen gidaje a bakin fadama.