Aibobin Waldar Lantarki da Hanyoyin Kauce Musu

Walda sana'a ce ta haɗa ƙarfe da ƙarfe ta hanyar narkar da su a mahaɗarsu. A nau'in da aka fi sani, wato waldar lantarki ta hannu, mai walda yakan kusanto da sandar walda jikin ƙarfen, sai wuta mai tsananin zafi ta tashi a tsakaninsu, ta narkar da bakin sandar da kuma fuskar ƙarfen. Ɓawon da ke jikin sandar yakan ƙone ya fitar da hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfen daga iska, sannan ya bar datti a saman ɗinkin, irin wanda Bahaushe ke kira kashin maƙera.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, kyawun fuskar walda ba shi ne ingancinta ba, domin mafi munin aibobi a ciki suke ɓuya. A ranar 27 ga watan Maris na 1980, wani dandamali na ma'aikatan haƙar mai na ƙasar Norwe, mai suna Alexander Kielland, ya kife a teku, mutum 123 suka rasu. Bincike ya nuna cewa ɓarnar ta faro ne daga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6 kacal. An ma tarar da fenti a cikin tsagar, alamar cewa tun lokacin ƙira aibin yake nan. Irin wannan haɗari, ko da bai kai haka girma ba, yana tattare da ƙafar tankin ruwa da bodin mota.

Aibin da aka fi cin karo da shi shi ne ƙananan ramuka masu kama da saƙar zuma. Suna samuwa ne idan iska ta maƙale a cikin narkakken ƙarfe kafin ya daskare. Tsatsa da fenti da maiƙo da danshi ne ke jawo su, haka kuma nisanta sanda daga ƙarfe fiye da kima. Maganinsu shi ne a goge mahaɗar har sai ta yi ƙyalli, kada kuma tazarar sanda da ƙarfe ta wuce kaurin wayar da ke cikin sandar. Sandar da ta kwana a buɗe da damina ta riga ta sha danshi, musamman nau'in E7018, wanda a ƙa'ida cikin akwati mai ɗumi ake ajiye shi.

Akwai kuma maƙalewar kashin maƙera a cikin ɗinki. Galibi gaggawa ce ke haifar da wannan, inda mai walda zai ɗora layi na biyu bai kankare na farko da guduma da buroshin waya ba.

Ƙarfin wuta kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Idan ya yi kaɗan, narkakken ƙarfe zai kwanta a sama kawai bai ratsa ba, sai a ga kamar an haɗa, alhali manni ne. Idan ya yi yawa, sai tartsatsi ya yawaita, gefen ɗinkin ya zaizaye ya bar kwari, wanda daga nan ne karaya kan fara. Sandar E6013 mai kaurin milimita 3.2 takan buƙaci kimanin amfiya 90 zuwa 130. Ƙarfe mai kauri kuma sai an fiƙe bakinsa, an bar 'yar tazara, kafin wuta ta kai ƙasansa.

Tsagewa ita ce uwar aibobi, kuma wani lokaci ba ta bayyana sai bayan sa'o'i, ko ma kwana ɗaya zuwa biyu. Danshi da saurin hucewa ne manyan dalilanta a ƙarfe mai kauri ko mai tauri, don haka ake ɗumama shi kafin a fara, a kuma bar shi ya huce da kansa. Al'adar watsa wa sabuwar walda ruwa don a sallami mai kaya da wuri kuskure ce babba. Inda aka ga tsaga, ba a bin ta da sabon layi a rufe. Sai an cinye wurin da injin gurza har tsagar ta ɓace gaba ɗaya, sannan a sake waldar.