Kano zuwa Jidda: Awa nawa ake yi a jirgi?

Duk wanda ya taɓa raka mai tafiya Umara filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya san tambayar da ake yi kafin sallama: ƙarfe nawa za ku sauka? Amsar da ke kan tikiti ta sha rikita mutane.

Tsakanin filin Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe sak. Jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa, wato awa huɗu ke nan a lissafin takarda. Sai a ƙara lokacin gangarawa titin tashi, da hawa sama, da jiran izinin sauka, tafiyar ta kai wajen awa huɗu da rabi.

To me ya sa tikiti zai nuna tashi ƙarfe 12 na rana, sauka 6:30 na yamma? Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti da agogon garin da aka ambata ake rubuta shi. A dawowa sai abin ya juya, ka ga kamar awa biyu da rabi kacal za a yi. Mai ciwon suga da ke shan magani a kan lokaci, wannan awa biyun ba abin wasa ba ne gare shi, gara ya bar agogonsa a lokacin gida har a sauka.

Sai dai duk wannan lissafi ya dogara ne da samun miƙaƙƙiyar hanya, wadda ta ratsa samaniyar Chadi da Sudan kafin ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe samaniyar Sudan ana dab da fara jigilar alhazai. Dole jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru da awanni, man da ake sha ya ƙaru. Kamfanonin jiragen Najeriya suka ja da baya wajen sa hannu a yarjejeniya da hukumar NAHCON, sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Garuruwan biyu suna nan inda suke, amma kuɗin ya tashi.

Shafukan intanet masu lissafa nisa galibi layin nan miƙaƙƙe suke aunawa, babu ruwansu da samaniyar da ke rufe. Haka kuma tikiti mai rahusa da ke biyawa ta Alƙahira ko Addis Ababa na iya cinye maka yini guda, yawancinsa a zaman jira. Kafin ka biya wa tsohuwarka kuɗin kujera, tambayi ejan ta ina jirgin zai bi, kuma awa nawa za ta zauna a filin da za a yada zango.