Kabad Don Ajiye Abinci

Maigida, ƙuda daga masai yake tashi ya sauka kan tuwon 'ya'yanka, ya bar musu zawo da atuni. Ɓera kuwa, fitsarinsa da kashinsa ke kawo zazzaɓin Lassa. Maganinsu kabad, kuma ba sai kafinta ba.

Nemi tsohon akwatin katako, da zarto, da guduma, da ƙusoshi. Buga masa ƙafafu 4, kowace inci 12. Gitta katako a tsakiya ya zama hawa biyu. Yi masa ƙyaure da ragar waya don iska ta shiga, ka toshe kowace kafa. Tsoma ƙafafun cikin gwangwanayen ruwa saboda kiyashi, a riƙa sake ruwan duk kwana 3 don kada sauro ya hayayyafa.

Uwargida, kada ki bar shi buɗe. Rigakafi ya fi magani.